Kyanwar Mai Agashe

Kujerar gaba aka ba Baba, farar nan ta roba da shugaban nadi ke ajiyewa saboda manyan baƙi. Ya ce a bar shi a tabarma, aka ce ina, yau ai ranarsa ce. Haka ya ɗosana a bakin kujerar, jar hularsa a karkace, ƙamshin hayaƙi da yaji na tashi daga rigarsa duk da wankin da Inna ta yi mata. Nadi shi ne rumfar taron unguwarmu a Mai Wurno, kuma a nan babban talabijin yake. Ranar farko ce ta azumi, an sha ruwa ke nan. Mu mata muna baya jikin danga, ni da Inna muna ta miƙa wuya.

Wasan Yaya Sule za a nuna. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne na farko a garinmu da ya rubuta wasa har aka sa shi a talabijin daga Hartum. Tun da labarin ya iso, Inna ba ta bar gidan da ba ta shiga ta faɗa ba.

Kiɗa ya tashi, rubutun Larabci ya fara hawa, sai wani malamin makaranta ya karanta mana da ƙarfi: labari na Sulaiman Abdulwahab. Maza suka tafa, mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta taɓo ni ta ce wane ne kuma Abdulwahab? Sunan Babanmu Gado, sunan kakanmu Mati, duk zuri'armu ba mu da Abdulwahab ko na aro. Na ce mata wataƙila haka ake yi a can. Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba.

Sai ga mai agashe ya bayyana. Agashe shi ne tsirenmu na nan Sudan, duk ƙasar an san sana'ar Hausawa ce, kuma ita Baba ke yi a tashar garinmu, inda hafiloli, wato motocin fasinja, ke tashi zuwa Sinnar, tun kafin a haife ni. Ɗan wasan ba namu ba ne, an dai zana masa tsage da kwalli. Amma ga jar hula a karkace. Ga tsohon faifai yana fifita wuta da shi, hannun hagu a goye a baya. Ya goge wuƙa a cinya, ya ɗaga ta ya duba a haske, sannan ya ce wa mai saye cikin gurɓataccen Larabci, "Marhaba da ɗan sarki." Kai! Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar Baba ya san wannan gaisuwa, don shi kowa ɗan sarki ne a wurinsa, ko da kumsari ne mai yagaggiyar riga da ke kiran fasinja. A ƙarƙashin tebur kuma ga farar kyanwa mai yankakken kunne, sak Gimbiya, wadda ta zo wurin Baba tana 'yar mitsitsiya ta ƙi tafiya.

Nadi ya kaure da murna. Samari na ta cewa ga Baba Gado, wallahi ga Baba Gado. Na hango kafaɗunsa na rawa, yana jin daɗi.

A cikin wasan masu saye suka yi yawa, nama ya ƙare. Mutumin ya dubi tire babu komai, ya dubi kyanwar. Ya ɗauke ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juyo ya kalle mu, ya ɗaga gira. Da hoto ya canja, ƙarƙashin tebur wayam, tukuba kuwa cike da tsinkaye, wani mai saye yana taunawa yana lumshe ido, can sai ya buɗe baki ya yi kukan kyanwa. Dariyar da aka naɗa a cikin akwatin ta ɓarke. Sunan shirin ya fito da manyan baƙaƙe, Abu Kadisa, wato mai kyanwa da Larabcin nan.

A nadi ba ka jin komai sai ƙarar janareta. Kowa ya zuba wa ƙeyar Baba ido. Ya ɗan jima a haka, sannan ya yi wata gajeriyar dariya busasshiya.

"Wanga yaro," ya ce, "ja'iri ne tun yana ƙarami."

Shi ke nan, kamar izini ake jira. Wuri ya ɗauki dariya, har da masu buga ƙafa. Ni ban yi ba, Inna ma ba ta yi ba. Da muka koma gida Baba ya wuce rumfar tsakar gida. Ya ɗauko ragowar hanta ya tsuguna yana yanka wa Gimbiya ƙanana-ƙanana, har ta ƙoshi ta bar masa sauran.

* * *

Ba zan yi wa Yaya Sule ƙarya ba, ko da yake har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Allah ya ba shi baiwa. Tun muna yara in ya kalli mutum sau ɗaya ya gama da shi. Zai yi maka tarin liman, ya yi maka tafiyar mai jakin ruwa, ya yi maka yadda gwaggonmu Barakatu ke faɗa da kaji, sai ka riƙe ciki. Baba ya fi kowa dariya a lokacin. Shi ya ce yaron nan ba za a tsayar da shi gaban wuta ba, kuma da wannan tukubar ya kai shi makaranta a Sinnar, daga nan Hartum, inda ake koyon wasan kwaikwayo.

Ba a shimfiɗa masa tabarma a can ba. Ya daɗe yana jan wayoyi a gidan talabijin, yana dafa wa manya shayi, yana rubuta wasanni ana sa sunan wasu. In ya zo sallah sai ka ga ƙashin wuyansa a waje. Da yamma mukan zauna a rumfar tsakar gida ina dakan ƙuli-ƙuli da yaji, don ni ke haɗa wa Baba garin agashe, shi kuma yana ba ni labarin abin da yake son yi. Akwai wani wasa da ya zuba wa ransa gaba ɗaya, a kan mata masu tsinkar auduga a gonakin Jazira, irin gwaggo Barakatu da ta ƙare ƙuruciyarta a bukkokin 'yan ƙwadago. Ya taɓa karanta mini wani wuri a ciki, na ajiye taɓarya na yi kuka.

Ya kai wa shugabansu. Mutumin ya karanta, ya ce rubutu ya yi kyau ƙwarai, amma wa zai sha ruwa ya zauna kallon Fallata suna kuka? Fallata suke ce mana duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, ba ruwansu da bambancewa. Sannan ya sauke tabarau ya tambaye shi, wai shi asalinsa daga ina ne? Wannan tambaya ba wanda bai san ta ba a cikinmu. A nan aka haifi Yaya, a nan aka haifi Baba, kakanmu yana kwance a maƙabartar bakin kogi, amma in ka faɗi sunanka sai an tambaye ka daga ina kake. Daga baya na gane cewa a ranar ne ya cire Gado daga sunansa.

Suka ce masa in yana son a sa shirinsa a azumi, to ya ba su dariya. Ya duba abin da yake da shi wanda babu marubucin da ya kai shi sani, sai ya ga Baba. Duk wannan na sani, kuma na tausaya masa. Amma tausayin bai hana ni ganin abin da ya biyo baya ba.

* * *

Shirin ya karɓu, karɓuwa ba ta wasa ba. Kullum aka sha ruwa sabuwar kyanwa, kullum sabuwar dabarar kama ta. Kafin azumi ya raba tsakiya, yara a lungu sun iya ɗaga girar nan.

A tasha abin ya fara kamar raha. Direbobin da suka shekara suna cin naman Baba su ne suka soma. Wannan ya ce Abu Kadisa, yau ta wace unguwa ce? Wancan ya ce a ba shi na cinya, ban da wutsiya. Baba ya yi murmushi ya nuna ƙarƙashin tebur da bakin wuƙa, ya ce ga ta nan lafiya lau. Su sun san shi, suna gama tsokana su saya. Amma sana'ar tasha ba da 'yan gari take tafiya ba, da matafiya take. Matafiyi kuwa bai san Gado ba, Abu Kadisa ya sani. Sai ka ga mutum ya sauko daga hafila, ƙamshi ya ja shi, ya matso, ya ga jar hula da faifai da farar kyanwa, ya tuntsire da dariya ya kira abokinsa ya zo ya gani, sannan su wuce wurin mai ƙosai. In mota za ta tashi, sai an sami wanda zai leƙo ta taga ya yi kukan kyanwa.

Na ce wa Baba ya canja hular mana, ko ya bar Gimbiya a gida. Ya ce hular ba ta yi laifin komai ba, kyanwar kuma in aka daina ganinta ai ya tabbatar musu ke nan.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Wata rana wani mai agashe daga garin Abu Hujar, Mahmudu, ya yi sallama a gidanmu. Aka kai masa shayi, ya sha a hankali, ya yi zancen kogi da tsadar gawayi, ya ce a Sinnar da Wad Madani ma 'yan'uwa suna ta kashe wuta da wuri. Da zai tashi ya tsaya yana neman takalminsa, bai dubi Baba ba.

"An ce ɗanka ne ya rubuta."

"Ɗana ne," in ji Baba.

Mahmudu ya gyaɗa kai ya fita. Ban taɓa ganin Baba ya kasa raka baƙo ba sai ranar.

Turmina ya fara hutawa. Garin da nake dakawa kullum ya koma yana kwana yana wuni. Nama yana dawowa gida, mu ci, mu ba maƙwabta, har Inna ta ce in ta ƙara jin ƙamshin agashe za ta yi amai.

Bayan sallah sai Gimbiya ta ɓace. Ciki gare ta, ta tafi neman inda za ta haihu, kamar yadda ta saba. A da ba wanda zai ko lura. Wannan karon kafin la'asar magana ta zaga tasha, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Washegari wani jami'in duba-gari ya zo, takalmi na sheƙi. Ya riƙa juya yankan nama da bakin biro yana sunsunawa, mutane sun yi da'ira. Ya tambayi Baba wurin wane mahauci yake saye, Baba ya faɗa. Ya tambaye shi ina kyanwar, yana danne dariya. Bai sami komai ba, don babu abin samu, amma ya ce a kashe wuta sai an gama bincike. Baba ya ɗebi ruwa da hannunsa ya yayyafa wa garwashin a gaban kowa.

Dattijo mai furfura, ya bar komai ya shiga gari neman kyanwa. Ya bi lambunan bakin kogi yana kiranta, ya leƙa rumbuna, ya tambayi mata a bakin famfo. Ni ina biye da shi a nesa, kunya kamar ƙasa ta tsage. A bayan injin niƙa ya same ta, kwance a kan tsohon buhu da 'ya'yanta. Ya kwaso su duka a kwando ya kai tasha, ya ajiye a kan tebur inda tire ke zama.

Da ta yaye 'ya'yan ya kira ni.

"Huseina, nemi tsohon zane ki tufka mini igiya. Mai laushi, wadda ba za ta ci wuya ba."

Na tsaya ina kallonsa. Wannan Baban ne ya zaunar da mu muna yara, ranar da Yaya ya rufe wata kyanwa da kwarya, ya gaya mana abin da malamai ke faɗa a kan matar da ta tsare kyanwa har Allah ya yi fushi da ita. Ya ga abin da ke idona, ya kau da kai. Na tufka igiyar. Ya ɗaure ta a ƙafar tebur, ta gaba, inda duk mai wucewa zai gani. Kwanakin farko Gimbiya ta yi ta fizga tana kuka, shi kuma yana tsugunawa yana ba ta hanta, yana ce mata ta yi haƙuri, ita ce shaidarsa.

* * *

Na kira Yaya a waya, ban ko gaishe shi ba. Na gaya masa komai, da biro, da ruwan da aka zuba wa wuta, da igiya. Ya ce Huseina, wasa ne fa kawai, kuma an gaya masa Baba da kansa ya yi dariya a nadi. Na ce masa Baba ya yi dariya ne don kar a ga ɗansa ya kunyata shi, kai da ka iya karanta tafiyar mutum, wannan ne ba ka iya karantawa ba?

Ya rantse mini bai taɓa zaton abin zai fito daga akwati ya bi Baba har tasha ba. Ya ce in ba shi lokaci, azumi mai zuwa zai wanke mai agashen wasan. Zai nuna ashe kyanwoyin nan duk a gidansa suke, yana ciyar da su, naman kuma na rago ne. Ya tsara mini yadda zai kasance tiryan-tiryan, har na ji sanyi a raina, don Yaya in yana ba da labari ba ka da yadda za ka yi sai ka yarda.

Azumi ya zagayo. An ƙara masa girma, yanzu shi ne mai shirya shirin gaba ɗaya, shi ke ɗaukar 'yan wasa, shi ke cewa a ɗauka ko a tsaya. Muka jira kashin da za a wanke mai agashe, har aka ga watan sallah bai zo ba. Abin da aka ƙara shi ne jaki. Da na tambaye shi, ya ce masu talla ne suka ƙi, sun ce ba a taɓa abin da ke tafiya daidai.

Ya daina zuwa sallah. Sai aike: shadda, turare, da wani ƙaton talabijin da direba ya sauke mana a ƙofar gida. Baba ya ce a gode masa. Talabijin ɗin yana nan cikin kwalinsa a ɗakin ajiya, kaji ne ke kwana a kai.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ana ganin hoton Yaya a jarida yana karɓar kambu, sunan Abdulwahab a ƙasa. Baba kuwa bai fasa fita ba ko rana ɗaya, ko da tsinkayen da yake kafawa ba su kai su zagaye rabin tukuba ba. Gimbiya ta yi ƙiba, daga baya ta rame. Gashin wuyanta ya zube inda igiya ke zama. Ta daina fizga. Abin da ya fi ci mini rai, ko an dawo gida Baba ya kwance ta, ba ta wuce tsawon igiyar nan. Sai ta yi 'yan taku kaɗan ta tsaya, ta zauna tana kallon ƙofa.

* * *

Ana cikin haka Yaya ya kira ni da kansa. Ya ce ya samu an yarda masa ya yi shiri na gaskiya, ba na dariya ba, a kan masu agashe, yadda suke zaɓen nama da yadda suke tsafta. Zai fara da tashar Mai Wurno. Ya ce wannan ne gyaran da ya yi mini alkawari. Har na fara hamdala, sai ya ce akwai abu ɗaya. Mutanen da zai zo da su ba su san shi ɗan gidan ba ne. Kar kowa ya ce komai tukuna, shi zai gaya musu da bakinsa in lokaci ya yi.

Na kashe wayar. Na so in ɓoye wa Baba wannan ɓangaren, amma na ga gara ya ji daga gare ni da ya gani a tasha. Ya saurara har na gama, yana feƙe tsinke. Ya ce to. Sannan ya ce wa Inna ta wanke masa hula.

Da safiyar ranar da za su zo, na je ɗauko turmi na tarar da Gimbiya a bayansa, ta miƙe, ta sandare. Tsufa ne, ba wani abu ba. Baba ya zo ya tsuguna, ya shafa ta tun daga kai har wutsiya, ya daɗe yana shafa wurin da gashi ya zube. Na ce bari in kawo fartanya mu binne ta a bayan ɗaki.

"In na binne ta ba wanda ya gani," ya ce, "mi za su ce da yamma in sun duba ƙarƙashin tebur?"

Ya ɗauko faifan fifita wuta ya kwantar da ita a kai, ya rufe ta da ƙyalle, ya sa wankakkiyar hularsa. Na ɗauki tiren nama na bi shi.

Wata farar mota tana tsaye kusa da teburinmu, mutane sun kewaye ta. Da ƙyar na gane Yaya. Ya yi jiki, ya sa tabarau, ga furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Kusa da shi wani dogo yana saɓe da kyamara. Da ya hango mu sai ya yi wani motsi kamar zai durƙusa, ya tuna, ya miƙe. Ya miƙo hannu, ya yi gaisuwa da Larabci irin wadda ake yi wa dattijon da ba a sani ba, ya kira shi ya Hajj.

Hannuwan Baba biyu suna riƙe da faifai. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Marhaba da ɗan sarki," ya ce, ya wuce.

Hafilar farko ya nufa. Ya tsaya gaban direban, ya yaye ƙyallen. Ya ce masa ya duba, Gimbiya ce, da safe ta mutu, ga ta nan ba a taɓa ta ba. Ya ɗaga ƙafarta ta gaba, ya ɗaga ta baya, ya juya ta ya nuna cikin. Daga nan ya tafi mota ta biyu. Fasinjoji suka leƙo ta taga, wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Mai shayi ta tsaya da buta a hannu. Osman, tsohon direban da suka taso tare da Baba, kuma shi ya fara kiransa Abu Kadisa a tashar nan, ya sauko ya riƙe masa hannu ya ce haba Gado, wa ya ce maka wani abu, ai wasa ake yi. Baba ya ce ya duba dai, don gobe in an tambaye shi ya ce ya gani da idonsa. Osman ya duba. Ba shi da zaɓi.

Dogon nan ya riga ya ɗaga kyamara. Ya waiwayi Yaya yana jiran umarni, don shi ke cewa a ɗauka ko a tsaya. Ni Yaya nake kallo, ba Baba ba. Na ga hannunsa ya taso zuwa bakin kyamarar. Na ce a raina yanzu zai rufe ta, yanzu zai ce wannan ubana ne. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya koma aljihu. Wata 'yar jar fitila ta kama a jikin kyamarar, dogon ya bi bayan Baba a hankali, daga mota zuwa mota.

Sai da ya gama zagaye tashar kaf, har da mai faci da masu dako, sannan ya dawo inda Yaya yake. Ya ɗago faifan daidai bakin kyamara, ya yi magana da Hausa, a hankali.

"Ɗan sarki, ka ɗauka da kyau? Ƙafa huɗu, ga kai, ga wutsiya, ba abin da ya ragu. Wanga ma ka nuna musu."

Mai kyamarar ya tambayi Yaya da Larabci ko ya gane abin da tsohon ke cewa. Yaya ya cire tabarau, ya mayar.

"Ina jin cewa yake kyanwarsa ta mutu," ya ce.

Baba ya mayar da ƙyallen ya rufe ta. Ya karɓi aron fartanya wurin wani manomi da ke jiran mota, ya gangara bakin kogi shi kaɗai, ya ce kar wanda ya bi shi. Kafin ya dawo farar motar ta tafi. Sun ce haske ya yi ƙarfi, za su dawo wani lokaci.

Da la'asar ya dawo, laka a gwiwoyinsa. Ya wanke hannu, ya hura wuta, ya kafa tsinkaye a gefen tukuba. Faifan yana can bakin kogi, sai da guntun kwali yake fifitawa. Ya goge wuƙa a cinya, ya ɗaga ta ya duba a haske, ya yanki ɗan gutsuren hanta ya jefa ƙarƙashin tebur ba tare da ya duba ba, kamar kullum. Hantar ta faɗi kusa da igiyar da na tufka. Tana nan har aka kira magariba, ƙudaje na sauka a kai.